Wa'azi Na Goma Sha Huɗu: Amanar Labari Da Sirrin Mutane A Lokacin Musiba

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya kawo mu wannan wata mai alfarma na shekara ta 1446 da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurarenmu a Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, da na Mirya, Matamai, Magarya, Dungas, Gure da Tanut, muna yi muku sallama irin ta Musulunci, muna yi muku barka da shan ruwa. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Zamanmu na yau ya taso ne daga tambayar wani bawan Allah, ɗan wannan jiha, wanda yake neman abincinsa a ƙasar Libiya. Ya ce a daminar da ta wuce katangar ɗaki ta rufta wa mahaifiyarsa da asuba. Kafin wani daga cikin danginsa ya kira shi, sai ga bidiyo ya shigo wayarsa ta wani zauren WhatsApp na ƴan garinsu. Ya buɗe, ya ga ana tono wata tsohuwa daga cikin ƙasa, kanta babu kallabi, jikinta babu cikakkiyar sutura. Da zanen da ke jikinta ya gane ta. Ya ce yaron da ya ɗauki bidiyon maƙwabcinsu ne, kuma da aka yi masa magana ya ce taimako yake nemar musu. Mai tambayar ya ƙara da cewa lalle taimakon ya zo, domin wasu da suka gani sun aiko da kuɗi da hatsi. Amma har yau bidiyon yana yawo, kuma shi ya kasa yafewa. Yana tambaya: shin yaron nan yana da lada ko yana da alhaki? Shi kuma mene ne ya wajaba a kansa?

Muna yi masa ta'aziyya. Allah Ya jiƙan mahaifiyarsa, Ya sa ta cikin waɗanda suka samu ladan shahada, domin ya tabbata a hadisi cewa wanda gini ya faɗa wa yana cikinsu. Kafin mu ba shi amsa za mu faɗaɗa maganar, saboda ta shafi duk wanda yake da wayar salula a aljihunsa.

Babu wanda ya manta da daminar 2024. A ƙasarmu kusan mutum 400 suka rasu, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi kuma ambaliya ta shafa, kuma jiharmu da ta Maraɗi suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Sai da aka ɗage komawar yara makarantun boko zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama mafakar waɗanda suka rasa gidaje. A farkon watan Satumba tsohon masallacinmu na ƙasa da ke Birni, wanda kakanninmu suka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. Kafin wasu mutanen Zango su ji labarin daga bakin maƙwabci, ƴan'uwansu na Makka da Kano da Faransa sun riga sun gani a waya.

A waɗannan kwanaki wayar nan ta yi aikin alheri mai yawa. Da ita aka kira masu kashe gobara da ceto, da ita aka tayar da mutane daga barci kafin ruwa ya iso, da ita aka gano yaran da suka ɓace, da ita ƴan ci-rani suka aiko da abin da aka sayi gero da tabarma. Wanda ya ce waya sharri ce zalla bai yi adalci ba. Ni'ima ce, kuma kowace ni'ima za a yi tambaya a kanta. Tambayar da za a yi mana a kan waya lokacin musiba ta kasu gida huɗu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne labari. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, idan wani abin tsoro ya taso, labarinsa fada yake fara zuwa. A can ake tambayar manzo: kai ka gani ko faɗa maka aka yi? Sai an tabbatar sannan mai shela ya fita. Yau kowannenmu ya zama mai shela, amma babu fadar da muke biyawa. Saƙon murya zai zo, ba a san mai maganar ba, ba a san ranar da ya yi ta ba, yana cewa gada kaza ta karye, ko gulbi ya ɓalle ya nufo gari kaza, sai mu tura wa mutum ɗari muna ganin mun yi taimako. Wani lokaci hoton ma na wata ƙasa ne, ko na shekarun baya.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi mana iyaka a nan. A aya ta 6 ta Suratul Hujurati Ya wajabta bincike kafin a yi aiki da labarin wanda ba a amince da shi ba, kuma Ya nuna cewa ƙarshen gaggawa nadama ce. Malaman tafsiri sun ambaci cewa dalilin saukarta labari ne da aka kawo Madina cewa Banu Musɗaliƙ sun hana zakka, har aka kusa ɗaura musu yaƙi, alhali ba haka abin yake ba. A aya ta 83 ta Suratun Nisa'i kuma an zargi masu saurin watsa duk wani labari na aminci ko na tsoro, aka shiryar da su ga mayar da shi wurin shugabanni da masana. Ku lura, ayar ta haɗa har da labarin aminci. Wanda ya ce wa mutane ruwa ya janye, ku koma gida, alhali bai sani ba, yana iya kashe su kamar yadda mai firgita su zai iya.

Mun ga misalin wannan da idonmu. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu cikin dare a Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu suka aikata, wasu suka kwanta a likita, wasu suka rasu. Mafi yawan waɗanda suka tura saƙon nan masoya ne, ƴa tana son uwarta ta tsira, aboki yana son abokinsa ya tsira. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da ƙarya gaskiya ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa maimaita duk abin da mutum ya ji ya isa ya sa shi cikin maƙaryata. Saboda haka idan saƙo ya zo maka, tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe, a ina? In ba ka da amsa, riƙe shi. In kana ganin akwai rai a ciki, kira wanda yake wurin, ko mai unguwa, ko lamba 18 ta masu ceto, ko 17 ta ƴan sanda. Kira ɗaya zuwa ga mai iya kai ɗauki ya fi tura saƙo ga mutum dubu da ba abin da za su yi sai firgita.

Na biyu shi ne hoto. Musiba tana tone abin da mutum ya shekara yana rufewa. Katanga in ta faɗi, ɗakin matar aure ya zama fili. Mai rufin asiri da ba a taɓa sanin halin da yake ciki ba, sai a ga tukunyarsa da shimfiɗarsa a waje. A Suratun Nuri an hana mu shiga gidan da ba namu ba sai da izini. Faɗuwar katanga ba ta soke wannan hukunci ba. Mai shiga don ya ciro wanda ƙasa ta danne, lalura ta ba shi izini, kuma yana da lada babba. Mai shiga da waya a ɗage don ya ɗauka, ya shigar da dubban idanu cikin gidan da shi kansa ba a yi masa izini ba.

Mamaci kuwa alfarmarsa tana nan kamar ta mai rai. Don haka ne shari'a ta ce a rufe shi tun kafin wanka, a zaɓi amintacce ya wanke shi, kuma mai wankan ya ɓoye abin da ya gani. Iyayenmu sun san wannan. Sun kuma san yadda ake kai labarin mutuwa: a zaɓi dattijo, ya je da ƙafarsa, ya yi sallama, ya zauna, ya fara da tunatarwa a kan haƙuri, sannan ya faɗa. Yau ɗa yana cikin aikinsa a wata ƙasa, babu kowa kusa da shi, sai ya ga gawar uwarsa tsakanin hoton talla da na barkwanci. Wannan cuta ce, ko da mai yin ta bai yi nufi ba.

Wani zai ce: in ba a nuna ba, wa zai yarda ya taimaka? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin gani ya kori ji. Amma malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa lalura ana auna ta ne gwargwadonta. In kana son a san ɓarnar da ruwa ya yi, ɗauki rusasshen gini, ɗauki rumbun da ya jiƙe, ɗauki hanyar da ta yanke. Wannan ya isa hujja. Fuskar mace da gawa da yaro tsirara ba sa ƙara wa hujjar komai. In kuma dole sai mutum ya bayyana, a nemi yardarsa bayan hankalinsa ya dawo jikinsa, a faɗa masa inda hoton zai je. Yardar wanda yake jin in ya ƙi ba za a ba shi buhun ba, ba yarda ba ce.

Wannan ya shafe mu a cikin wannan wata, da ake rabon zakka da kayan buɗa baki. Muna ganin ana jera gajiyayyu, a ɗora wa kowa mudun shinkafa a hannu, a ce ya dubi waya. Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kuma nuna fifikon ɓoye ta idan za a ba talaka. Ƙungiyar da masu ba ta kuɗi suke neman shaida, ta ɗauki hoton kayan da takardar lissafi, ta bar fuskokin bayin Allah.

Na uku shi ne sunaye. Bayan kowace ambaliya ana zagayawa da takarda ko da waya ana rubuta waɗanda abin ya shafa: suna, lambar waya, yawan iyali, wace ce bazawara, wane ne maraya, wane gida ne babu namiji. Wannan aiki halal ne, yana ma iya zama wajibi. Ya tabbata daga Huzaifa ɗan Yamani cewa Annabi ya sa an rubuta masa adadin Musulmi. Sayyidina Umar ya kafa diwani na sunayen masu haƙƙi a baitulmali, kuma a shekarar yunwar da aka sani da Shekarar Toka ya sa ana ƙidaya waɗanda suka taru a gefen Madina don a san abin da za a dafa. Ba a raba taimako da adalci sai da lissafi.

Sai dai takardar nan amana ce. Wanda ya ba ka sunansa da lambarsa a ranar da ya rasa komai, don abu ɗaya ya ba ka. In ka ɗauki hoton jerin ka zuba a zauren WhatsApp, ka miƙa wa ɗan damfara abin da yake nema. Gobe zai kira tsohuwa da sunanta, ya ambaci unguwarta, ya ce sunanta ya fito a tallafi, ta turo jika biyu na cike takarda. Za ta yarda, domin ya san abin da mai agaji kaɗai ya kamata ya sani. Ka kuma nuna wa mai mugun nufi gidajen da mata suke kwana su kaɗai a cikin aji ko bukka. In ka ba ɗan siyasa jerin, ko ɗan kasuwa, ka ci amana ko da ba ka karɓi ko dala ba. Huzaifa da muka ambata shi ne wanda Annabi ya ba sirrin sunayen munafukai, ya rayu da shi bai watsa ba. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kada wani ya ɗauka wannan hatsari na ƙananan ƙungiyoyi ne kawai. A watan Janairu na 2022 kwamitin ƙasa da ƙasa na Red Cross ya bayyana cewa an kutsa cikin na'urorin da ke ɗauke da bayanan mutum fiye da dubu 515, mafi yawansu waɗanda yaƙi da hijira da bala'i suka raba da danginsu. In haka ta samu masu ƙwararru da dukiya, ina ga wayar sakataren ƙungiyar unguwa wadda yara suke wasa da ita? Don haka kada a tambayi abin da ba a bukata, kada jerin ya wuce hannun masu rabo, kuma in aiki ya ƙare a shafe abin da ya saura a wayoyi.

Haka abin yake ga marasa lafiya. Muna cikin lokacin zafi da ƙura, lokacin sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jiharmu tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023, 18 suka rasu. A 2023 kuma mashaƙo ya addabi yankin Matamai. Wanda ya ga alamar irin wannan cuta a gidansa ko na maƙwabcinsa, wajibi ne ya sanar da ma'aikatan lafiya, kuma wannan ba giba ba ce, nasiha ce da kare rayuka. Amma sanar da likita daban, shelanta sunan gidan a Facebook daban. In mutane suka ga duk wanda ya kai ɗansa likita sunansa zai zagaye gari, a ƙaurace wa sana'arsa, a fasa auren ƴarsa, to za su ɓoye majiyyatansu a ɗaka, cutar ta ci gaba da yaɗuwa. Tona asirin mutum ɗaya yana iya jawo mutuwar goma.

Na huɗu shi ne wanda yawancinmu ba mu san da shi ba. Duk lokacin da ka yi kira ko ka aika saƙo, kamfanin waya yana rubuta lokacin da kuma eriyar da ta ɗauki kiran. Ta haka ana iya sanin inda layi ya kwana da inda ya wuni. In aka tara na mutane masu yawa, sai a ga inda jama'a suka nufa bayan bala'i. An yi aiki da wannan a ƙasar Haiti bayan girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu 2010. Masu bincike sun duba layuka kusan miliyan biyu na kamfanin Digicel, an cire sunayen masu su, suka gano cewa kimanin mutum dubu 630 sun bar babban birnin cikin makonni uku, suka kuma nuna yankunan da suka tafi don a bi su da abinci. Da kwalara ta ɓarke a watan Oktoba na shekarar, da wannan hanya aka gane inda mutanen yankin cutar suka bazu. Ilimi ne mai amfani, kuma ƙasa irin tamu mai faɗi da ƙarancin hanyoyi tana iya cin moriyarsa.

Amma cire suna kaɗai ba ya rufe asiri. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa sanin wurare huɗu da lokutan da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutane daga cikin taro. Ku auna da kanku: layin da yake kwana a Birni, ya wuni a kasuwar Dole, ya je Mirya kowace Lahadi, ya kwana biyu a Magarya duk ƙarshen wata, mutum nawa ne haka? Maƙwabcinsa ma zai faɗi sunansa. Allah Ya hana mu leƙen asirin juna a aya ta 12 ta Suratul Hujurati, kuma hanin ya hau kan kamfani da hukuma kamar yadda ya hau kan mutum ɗaya. Abin da muke gani daidai shi ne: a yi amfani da irin wannan bayani idan akwai lalura ta gaskiya, a ba masu agaji adadi da taswira ba tare da sawun kowane mutum ba, a sa wa aikin wa'adi, kuma kada abin da aka karɓa da sunan ceto ya koma hannun mai talla ko mai farautar abokan hamayya. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sake ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaron wannan haƙƙi. Muna kira gare ta da kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji su shirya ƙa'idojinsu tun yanzu, su bayyana wa jama'a da harshen da suke ji, kafin ruwa ya sauka.

Yanzu sai mu koma ga ɗan'uwanmu mai tambaya. Yaron da ya ɗauki bidiyon, in har gaskiya ne taimako ya nufa, muna fata Allah ba zai tozarta niyyarsa ba. Amma aikinsa kuskure ne, ya keta alfarmar mamaciya, ya cutar da ɗanta, alhali yana da hanyar neman taimakon ba tare da haka ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya tuba, ya shafe bidiyon, ya bi waɗanda ya tura wa ya roƙe su su shafe, ya yi wa marigayiyar addu'a, sannan ya nemi gafarar iyalanta, domin haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Duk wanda ya karɓa ya tura gaba yana da nasa kason. Wanda yake jin mu yanzu kuma ya san akwai irin wannan a wayarsa, na wannan baiwar Allah ko na wani, kada ya yi sahur bai shafe ba. Masu kula da zaurukan WhatsApp su sani cewa su makiyaya ne a kan abin da aka ba su kiwo.

Kai kuma ɗan'uwa, ba mu ce zafin da kake ji laifi ba ne. An zalunce ka, kuma shari'a ba ta tilasta maka yafiya ba. Kana da haƙƙin ka nemi a shafe, ta hannun dattawan unguwa ko ta hukuma. Amma muna tuna maka Sayyidina Abubakar, wanda ɗan'uwansa Misɗahu, da yake ci daga hannunsa, ya shiga cikin masu yaɗa ƙazafi a kan ƴarsa Nana A'isha. Ya rantse ba zai ƙara ciyar da shi ba, sai aka saukar da aya tana kwaɗaitar da shi ga yafiya don ya samu gafarar Allah, nan take ya mayar masa da abin da yake ba shi. Ga goman ƙarshe tana gabatowa. In yaron ya zo maka da nadama, ka duba ko za ka iya yin wannan sadaka, ka roƙi Allah Ya kai ladan ga mahaifiyarka.

Ya Allah Ka rufa mana asiri duniya da lahira. Ka jiƙan waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gini ya danne, Ka mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Ka ba mu damina mai albarka marar ɓarna. Ka tsare harsunanmu da yatsunmu daga cutar da bayinKa. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka yi wa shugabanninmu jagora. Gobe in Allah Ya kai mu za mu ɗauki hukunce-hukuncen i'itikafi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.